Kawu Mai Kankana da Kwamfutarsa

Shekara talatin Kawu ya yi yana sayar da kankana a bakin titi, kuma bai taɓa yarda da abin da bai ƙwanƙwasa ba. Ko mijin 'yarsa sai da ya ƙwanƙwasa masa goshi kafin ya ba shi aure.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, sai ya ce kwamfutar wasa yake so, irin wadda ake haɗawa da hannu. Ni na raka shi shago. Mai shago ya baje kaya, yana ta zuba bayani. Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗauki katin da ke fitar da hoto a kwamfuta, mai fanka uku, ya kara a kunne, ya ƙwanƙwasa.

"Wannan ɗanye ne, ɗana. Miƙo wancan."

Haka ya bi sauran kayan cikin kwamfutar, su furosesa da ram, ɗaya bayan ɗaya. Da ya zaro wuƙa zai yanki gefe ya ga ciki, da kyar muka riƙe shi.

Abin haushi, da aka haɗa kayan da ya zaɓa, kwamfutar ta tashi garau, har ta fi tawa da na yi wata uku ina bincike a kanta.

Wasan noma kaɗai yake yi. Gonarsa ta cikin wasan cike take da kankana, amma shekara biyu ke nan bai tsinki ko ɗaya ba. Kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa gilashin kwamfutar, ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Ba su nuna ba tukuna."