Na ce wa Kawu Iro na ji

Kawu Iro ya rasu. Ƙarfe shida da minti ashirin na safiyar nan ƙanwata ta buga mini ƙofa ta faɗa mini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba: mahauci ne a nan unguwar Briqueterie tun zamanin mulkin Shugaba Ahidjo. Tun lokacin yake yi wa teloli da 'yan dako tausa in ya rufe teburin nama, daga shi sai kwalbar man kaɗanya. Bai taɓa shiga aji ba.

Ranar da ya ji na shiga makarantar kine, ta koyon tausa da motsa gaɓoɓi, ya kira ni bakin tebur. Ya ɗaga farar yanar da ke lulluɓe da tsokar cinyar saniya, ya ce, "Dokta, wannan ce ke kama mutum. In ta manne, lallaɓa ta ake yi, ba a kokawa da ita."

Sai a shekara ta biyu na ga sunanta a littafi.

Babanmu tela ne. Wata biyar ke nan kafaɗarsa ta dama ta ƙage. Ba ya iya kai hannu kunne wajen kabbara, ba ya iya sa riga shi kaɗai, keken ɗinkinsa na lulluɓe da zane. Asibiti sun ce babu karaya, tausa da motsi yake bukata. Shi kuwa bai yarda da hannun kowa ba sai na Kawu.

Alhamis huɗu Kawu ya zo gidanmu. Hannun ya fara tashi, ya kai daidai haɓa.

Ni da na karɓi takardar gamawa sati uku da suka wuce, gefe nake zama ina rubutu. Tsoro nake kar in ƙara wa Baba ciwo.

Alhamis ta ƙarshe Kawu ya fizge littafin da nake rubutu a ciki. "Biro ba ya tausa, Dokta. Kawo hannu."

Ya kama babban yatsana ya danna ƙarƙashin allon kafaɗar Baba.

Baba ya ce, "Iro, a hankali, ni ba sa ba ne!"

"Sa ya fi ka haƙuri, Alhaji." Ya juyo gare ni. "Ga ƙullin nan. Ka ji shi?"

Na ce na ji.

Wallahi ban ji komai ba. Kunya ce ta kama ni, ga Baba, ga takardar gamawa da na karɓa. Na ce a raina mako mai zuwa zan tambaye shi mu biyu.

Ɗazu Baba ya share hawaye da hannun hagu, ya nuna mini kwalbar man da Kawu ya bari a kan taga. Ya ce, "Alhamdulillahi tun da ya nuna maka wurin."

Wato ni yake jira in ci gaba da tausar. Jibi Alhamis.

Don Allah, in akwai wanda Kawu ya taɓa kama wa yatsa haka, a unguwar Messa ne ko Cité Verte, ya yi mini magana. Ya zo ranar Alhamis ya tsaya kusa da ni kawai. In na ce na ji, ya sake tambayata.

Allah Ya jiƙan Kawu Iro, Ya yalwata masa kabari yadda shi ma ya sassauta wa bayin Allah jiki. Ku sa shi a addu'a. Ku roƙa wa Baba ya kai hannu kunne, ni kuma Allah Ya sa yatsana ya ji.