Takalmin Ƙanƙara a Bakin Tanderun Tamis

Ƙafata faɗi gare ta. Shekara goma sha tara na yi ina hawa da sauka a tudun Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki, da silifas, ɗauke da jarkokin ruwa da kayan alhazai. Yatsun suka baje, kowanne ya kama gabansa. Abin bai taɓa damuna ba sai da na samu aiki a filin ƙanƙara.

Wani mol ne, katafaren ginin kantuna, wajen unguwar Aziziyya. A hawa na sama sun daskarar da ruwa a fili, mutane suna sulu a kai da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. Aikina in tsaya a tsakiya, wanda ya faɗi in ɗaga shi. Ba ni da igama, takardar izinin zama. Mushrif, mai kula da ma'aikata, ya sani, ya kau da kai. Aiki a inuwa, ba rana, ba gudun kame. Ban taɓa samun irinsa ba. A lokacin matata tana da ciki wata bakwai.

Ranar Lahadi mushrif ya miƙo mini takalmin da wanda na gada ya bari. Shi kaɗai ne na ma'aikata.

"Alhamis in gan ka tsaye a kan ƙanƙara," ya ce. "In ba ka iya ba, halas, ba aiki."

Tsawonsa daidai. Faɗin ne babu. Minti goma yatsuna suka mutu, ƙashin gefen babban yatsa kamar an sa filaya an matse. Na cire, na ɗauko na haya wanda ya fi shi girma da lamba uku. Ƙafata ta riƙa yawo a ciki, diddige yana ɗagawa. Na faɗi sau huɗu.

Akwai wani ɗan Filifin da ke wasa ƙarafan takalman. Ya kalli ƙafata, ya girgiza kai. Da guntun Larabcinsa da nawa ya fahimtar da ni cewa ƙara lamba ba ya ƙara faɗi yadda nake so. Ya ce takalmin ma'aikatan irin wanda zafi ke tausasawa ne, sai ya ɗauki siffar ƙafa. Suna da ƙaramin tanda na yin haka, amma na masu kuɗi ne, makullin yana aljihun mushrif.

"Zafi. Sa. Ɗaure," ya ce. Sannan ya danna kafaɗata ƙasa. "Ugud. Zauna. Rubu'in awa. Kar ka tashi."

Na ɓoye takalmin a leda na kai wa Baba, wani tsoho mutumin Damagaram da ke gyaran takalma a bakin lungunmu. Ya juya shi, ya taɓa ƙarfen da farce.

"Wannan na tafiya ne ko na yanka rago?"

"Na ci da iyali ne, Baba."

Muka je wurin mai gasa gurasar tamis bayan la'asar, lokacin da wutarsa ta lafa. Baba ya riƙe takalmin a bakin tanderun yana juyawa har ya yi laushi kamar ƙullin fulawa. Ya naɗe ƙarafan da kwali. Na sa, na ɗaure tamau, na zauna a kan bokiti.

"Me kake jira?" in ji Baba.

"An ce in zauna."

"Wa ya ce?"

"Ɗan Filifin."

"Shekara arba'in ina buɗa wa mutane takalmi. Tausasa shi ake, a sa, a taka. A zaune za ka yi aikin? Tashi, ɗana."

Haka na san ana yi tun ina ƙarami. Sabon takalmin fata, a jiƙa shi, a yi ta tafiya har ya saki. Kuma a shekaru Baba ya haife ni. Na tashi.

Na dafa bango na kai ƙarshen lungu na dawo, sau uku. Mata masu sayar da gyaɗa suna ta dariya. Ban kula ba, don a karon farko yatsuna sun samu wuri.

Da ya huce na ga abin da na yi. Ni a gefen ƙafa nake taku, dako ne ya mayar da ni haka. Wuyan takalmin ya bi takuna ya karkace waje, ya sandare a haka. Ramukan igiya biyu sun yage. Washegari ɗan Filifin ya duba, ya ajiye, ya koma kan aikinsa.

Ranar Alhamis na shiga filin. Ƙarfen ya ƙi tsayawa a miƙe, kwanciya yake a gefe. Taku biyu ƙafafuna suka rabu, haɓata ta bugi ƙanƙara. Na tashi, na sake faɗuwa. Mushrif ya yafito ni, ya sa na cire takalmin, ya ɗaga shi sama.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

Ya nuna mini ƙofa. Ban roƙe shi ba.

Na dawo unguwa da jini a riga. Baba yana kan tabarmarsa yana ɗinkin wani silifas. Ya kalli haɓata, ya kalli hannuna ba leda.

"Amma ya daina matsi ko?"

"Ya daina, Baba."

Da safe na ɗauki jarkokina. Matata ta haihu ina dako.