Halliru da Ɗanyen Kifin Suruka

Halliru ɗan gidan mahauta ne a Fagge, ya tashi da aƙidar cewa duk naman da ke da sauran ja a ciki na kura ne. Ko da karatun digiri na uku ya kawo shi Kuala Lumpur, aƙidar tana nan daram. Ƙwai ma in ya soya, sai ka rantse tafin takalmi ne.

A benen da yake haya a unguwar Pantai Dalam ya haɗu da Khaulah, Musulma 'yar kudancin ƙasar Filifin, kuma so ya yi masa mugun kamu. Saura amincewar mahaifiyarta kawai, wadda ta zo takanas don ta ga wannan Halliru.

Ran da tsohuwar ta iso ta aiko masa da kwanon kinilaw: ɗanyen kifi an yanka ƙanana, an jiƙa shi da ruwan khal da lemon tsami, ga citta ga barkono. A wajensu haka ake cin sa ɗanye, abinci ne na karrama baƙo. Shi kuwa gogan naka ya ɗauka irin rabon naman layya ne. Ya wanke kifin tas, ya soya shi ƙarau. Da yake ɗan mutunci ba ya mayar da kwano wayam, sai ya zuba rabi ya aika mata. Wai shi a dole ya yi bajinta.

Tsohuwa ta buɗe kwano, ta rufe, ta fara haɗa kayanta.

"Ta ce wanda ya gyara mata girki ba zai ga 'yarta da daraja ba," in ji Khaulah, idonta ya yi ja. "Gobe za ta koma."

Hankalin Halliru ya tashi matuƙa. Ya kira mahaifiyarsa a Kano ya nemi yafiya, ko da ajali ne ke kira, sannan ya je ya durƙusa gaban tsohuwar ya ce, "Mama, a zubo mini ɗanyen."

Aka zubo. Ya yi bisimilla, ya runtse ido, ya kai loma yana zufa. Ya jira mutuwa, shiru. Ya ƙara, har cokali ya fara kankarar kwano.

Tsohuwa ta juya wajen 'yarta.

"Ce masa ya turo manyansa. Amma muddin ina raye, kada ya kusanci kaskon gidanki."