Mutumin da Ya San Ma'anar Shusta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina shan koko waya ta yi ƙara. Wai Malam Ilu Makanike na Birnin Kudu ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce a ba shi ruwa, kafin a kawo ya cika.

Waɗanda ke bibiyata a nan sun san ban saba rubuta abin kirki ba. A aji biyar na ajiye firamare, kuma malaman sun fi ni murna. Yau dai ku yi haƙuri da ni.

Malam Ilu ya girme ni nesa. Tun yana saurayi aka tura shi Jamus koyon gyaran tarakta, ya yi shekara biyu, ya dawo bai ƙara komai a kansa ba sai son zuwa wuri a kan lokaci.

Injin ban ruwana ya sha zuwa hannunsa. In na fara rantsuwa cewa ban taɓa shi ba, sai ya ce, “Sabo, bar inji ya yi magana. Ya fi ka gaskiya.”

Lokacin da mahaifiyar ɗana Nura ta kwanta asibiti a Birnin Kudu, daga gidansa ake kawo mana abinci. Da kansa yake ɗaukowa, ya ajiye, ya juya kafin in gama haɗa godiya. Ranar da ta rasu, shi ya riƙe min hannu har makabarta.

Amma babban alherin da ya yi min, ban san da shi ba sai sati biyu da suka wuce.

Duk Gwaram an san gidanmu da Gidan Shusta. Abin da na ji daga kakata shi ne, tun kafin Turawa su ci Kano, wani Bajamushe matafiyi ya biyo ta nan zai yi wajen Bauci. Zazzaɓi ya kayar da shi, ya yi damina a zauren kakan kakanmu. Shi ne yake kiran maigidan Shusta, yaran gari suka ɗauka, sunan ya bi gidan.

Iyakar labarin ke nan. Sauran ni na ƙara.

Na ce sunan gidan Baturen ne, ya ba kakanmu don ya mayar da shi ɗan'uwa. Bayan wasu shekaru na ce gidan sarauta ne. Da na ga majalisa tana jin daɗi, sai na gina wa dangin Baturen masana'anta a Jamus. Na ce duk mai wannan suna in ya isa can yana da ɗaki da aiki. Har ake ce min Bajamushe, ina amsawa da ɗaga hannu.

Ranar da na kai Nura makaranta aka tambayi sunan mahaifi, na bar sunana na ce a rubuta Shusta.

Sau da yawa Malam Ilu yana zaune nake wannan labari. In na ce, “Ga wanda ya je, ku tambaye shi,” sai ya yi murmushi ya ce, “Ai kuwa na ga masu sunan.”

Ni wasa nake. Yaro ashe ba wasa yake ji ba.

Bana Nura ya yi fasfo, ya samu wani ejan da zai bi da shi da wasu samari ta hamada zuwa Jamus. Gonar da ya gada daga mahaifiyarsa a Surko ya sa ta a kasuwa. Na ce masa mutane na mutuwa a hanyar nan. Ya ce, “Baba, su ba su da kowa a can. Ni ina da dangi.”



Labarin gonar ya kai kunnen Malam Ilu. Da ciwon ƙafarsa ya shigo mota ya zo Gwaram. Ya same ni a zaure, ya jira mutane suka watse.

Ya ce, “Sabo, ka san me ake nufi da Shusta?”

Na ce, “Ai kai ne malamin Jamusanci, ni jikansu ne kawai.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Baduku. Mai ɗinkin takalmi.”

Ya yi min bayani a hankali kamar yana kwance inji. Ya ce su ma can da, mutum sunansa ɗaya. Da garuruwa suka cika, masu suna iri ɗaya suka yi yawa, sai aka koma bambance su da sana'a, kamar yadda muke cewa Audu Maƙeri ko Musa Wanzam. Daga baya sana'ar ta bar gida, sunan ya zauna a kan jikoki.

Ya ce, “A kudancin ƙasar na zauna, can sunan ya fi yawa. Na gan shi a ƙofar shago, na gan shi a rigar direban bas. Mutanen arewacinsu ma da wata kalmar suka fi kiran mai sana'ar. Kuma ba dangin juna ba ne, kowane gari da badukunsa. Yaron nan ƙofar wa zai buga?”

Na tuna basilla da guntayen fata da ke cikin tukunyar kakata, waɗanda ba a son mu taɓa. Gidanmu an daɗe da komawa noma da fatauci, ba mai son a tuna da dukanci.

Ya ce, “Baƙon nan takalminsa ne ya yage, kakanku ya ɗinke, ya kira shi da aikinsa. Ina abin kunya? Su can a ƙofar gida suke rubuta shi.”

Na ce, “Shekara talatin kana jina, me ya hana ka faɗa?”

Ya ce, “Kana ba mutane dariya, ba ka cuci kowa ba. Me zan samu in na kunyata ka a majalisa? Amma yanzu labarin zai ci yaro.”

Na roƙe shi ya faɗa wa Nura da kansa, tunda ya fi jin maganarsa.

Ya ce, “A'a. In ni na faɗa, ya rasa Jamus kuma ya rasa uba. Kai za ka faɗa.”

Na yi alkawarin Juma'a. Na raka shi tasha, ya leƙo ta taga ya ce, “Wannan Juma'ar fa, ba ta baɗi ba.” Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Juma'a biyu suka wuce. Kullum in na kira yaron, sai in ɓuge da tambayarsa ko ya ba tumaki ruwa.

Yau Nura ne ya kai ni jana'iza a babur. Da muka zuba ƙasa muka kamo hanyar gida, na ga ba sauran wanda zan ɓuya a bayansa. Kuma a babur ba mai kallon idon wani. Na faɗa wa ƙeyarsa komai, har da masana'antar.

Ya yi tafiya mai nisa. Sannan ya gangara gefen titi ya kashe inji.

Ya ce, “Baba, wato har a satifiket ɗina baduku aka rubuta?”

Na ce, “Da Jamusanci dai.”

Karo na farko ke nan da na yi wasa aka bar ni da shi.

Ya ce, “Tun yaushe ka sani?”

Na ce, “Ma'anar, sati biyu. Cewa ƙari nake yi, tun kafin a haife ka.”

Tunda muka iso bai ƙara yi min magana ba, abincin rana ma a ɗakinsa ya ci. Ban ga laifinsa ba. Amma ɗazu bayan la'asar na ji shi ta bayan katanga yana waya da mai sayen gonar, yana cewa, “Alhaji, ka yi haƙuri ka nemi wata. Wannan zan noma ta.”

Malam bai ji wannan ba. Da na cika alkawari a kan lokaci, da ya ji.

Ya Allah, bawanka Ilu ya rufa min asiri shekara talatin, Ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai Kai. Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce gaba. In da sauran wuri a addu'ar, ku roƙa min Allah Ya sanyaya zuciyar ɗana.