Malama Kubura, Mai Gadin da Ba a Naɗa Ba

Duk ranar kasuwar Kwanar Dangora, Malama Kubura takan bar ƙauyenmu na bakin dam ɗin Tiga da farantin gyaɗa, ta hau acaɓa zuwa titi, ta shiga motar haya. Idan ta isa ba ta neman inuwa. Sai ta shimfiɗa buhunta daidai gaban wani shagon cajin waya, ta kafa wa ƙofar ido har la'asar. Gyaɗar kuwa, rabinta yara ke cinyewa kyauta. Wanda bai sani ba sai ya ce ritaya ce ta mayar da malamar firamare 'yar talla, alhali gadi ne ya kai ta.

Mai shagon sunansa Tasi'u, kuma a garinmu ya fara sana'ar. Mu da wutar lantarki sai hange daga nesa, don haka kowace waya a hannunsa take yini, kuma 'yan mata ƙanana ake aika su kai su karɓo. Ta nan ya san wayar da ke kwana kusa da wace yarinya. Sai ya buɗe shafi da sunan mace, wai Anti Rabi mai nema wa yara tallafin karatu. Ya turo data, ya yaba hankali, ya tambayi abin da ke damun yarinya a gida, a hankali har ya kai ga neman hotunan da ba su dace ba. Da sun shiga hannunsa sai ya fito da fuskarsa ta gaskiya: ko ki yi abin da na ce, ko garin nan kaf ya gani.

Hamdiyya, 'yar Malam Magaji masunci, tana aji shida a lokacin. Malama Kubura ce ta lura yarinyar da ke rigan kowa ɗaga hannu ta koma bencin baya, tana zabura in waya ta yi ƙara. Ba ta tsare ta da tambaya ba. Ta dinga sa ta riƙe mata jaka zuwa gida, har ranar da yarinyar ta fashe da kuka a hanya ta faɗi komai.

Malama ta samu uban a ƙofar gida yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Maƙwabta sun ji abin da ta ce masa bayan gaisuwa.

"Malam, don girman Allah kada a taɓa wayar nan. Ita ce shaidarmu."

Ya ajiye komar, sannan ya ce, "Na gode, Malama. Amma mutuncin 'yata ba zai zaga hannun mutane ba."

Washegari ya tuƙa kwalekwalensa zuwa tsakiyar ruwa, saitin inda tsohon garinmu yake kwance tun da dam ya cinye shi, ya saki wayar. Da Malama ta zo a gigice, cewa ya yi, "Tana can tare da gidan mahaifina. Abin da ruwan nan ya rufe ba ya dawowa." Ba na zargin bawan Allahn nan. Shi a ganinsa asirin 'yarsa ya rufa, bai san na Tasi'u ya rufa ba.

Duk da haka Malama ba ta zauna ba. Akwai wasu gidajen da abin ya shafa, suka ce a bar wa Allah. Manya suka zo neman sulhu, ta ba su ruwa, ta raka su ƙofa. Ta lallashi Malam Magaji har ya yarda aka kai ƙara, ta riƙe hannun Hamdiyya zama bayan zama a kotu. Amma Tasi'u ya goge tasa wayar, ta yarinyar kuma tana ƙasan ruwa. Da babu shaida, sai hukuncin ya zo da sauƙi: 'yan watanni a gidan yari ko tara. Danginsa suka biya a take. Wallahi ya riga su Malama isowa gida, don shi a babur ya dawo, su suna jiran mota ta cika.

Malama ta koma ta tambayi wani jami'i, "Ranka ya daɗe, yanzu wa zai sa masa ido?"

"Hajiya, ya biya tara. Namu ya ƙare."

Hamdiyya ba ta ƙara taka makaranta ba. Tana Doguwa wurin gwaggonta, an ce ba ta cika magana ba. Tasi'u kuwa ya kwashe kayansa zuwa Kwanar Dangora, inda ba a san shi ba, ya sake buɗe shago.

Ke ce kika bi shi, Malama. Ke ce duk yarinyar da ta nufo ƙofar da waya kike damƙa mata gyaɗa ki ce, "Koma gida, 'yata, babanki ya kawo da kansa." An kira ki mahaukaciya, an ce kina tare wa tubabbe abincinsa. Kika shanye, gwiwoyinki suna ciwo, babu wanda ya taɓa cewa sannu.

A kasuwar da ta wuce Malama ta tarar da shagon a garƙame. Wasu sun ce ya yi wajen Falgore, wasu sun ce Zariya. Na same ta zaune a gaban rufaffiyar ƙofar, na ce ai sai ta huta.

"Hutun me, ɗana?" in ji ta. "Da ma shagon kawai nake iya tsarewa. Wayar ba ta da ƙofar da zan zauna a gabanta."

Raina ya ɓaci, kuma har yau bai dawo daidai ba. Kunya ce a kanmu, a ce tsakanin mutumin nan da 'ya'yanmu babu kowa sai tsohuwa guda da faranti.

Mun gode, Malama Kubura, Allah Ya biya ki abin da muka kasa. Ku kuwa iyaye, ku kai cajinku da ƙafarku. In yarinya ta yi shiru ku matsa kusa da ita, in abu ya faru kada ku jefa shaida a ruwa.

Jiya na wuce gidanta na ji ƙamshin suyar gyaɗa. Za ta fita ranar kasuwa kamar yadda ta saba, sai dai wannan karon ba ta san motar da za ta shiga ba.