Alkamar da Tsatsa Ta Tsallake

Shekarar da cutar tsatsa ta faɗa wa alkamarmu, in ka ratsa hawasha, wato gonarmu, da farar jallabiya, ja za ka fito. Ganye ya yi ƙuraje, ƙwaya ta motse. Maigidana ya tsaya a bakin gona ya ce shi da alkama har abada, Damazin zai tafi aiki a manyan gonaki. Na san masu zuwa Damazin, sai a yi wata takwas ba a ga ƙeyarsu ba. Ni kuwa ba na so ya tafi.

Ina yawon takaici a gonar na ga wasu 'yan karare a kusurwa, kore shar, ko ɗigon ja babu. Na yayyaga tsohon mayafina na ɗaura wa kowace zangarniya ƙyalle, don in yanke su daban kafin injin girbi ya shigo. Maigida ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajja, kwalliyar Salla ce aka yi wa alkama? Kusa da ruwa suke, halas, shi ke nan."

'Yarmu mai karatun noma a Madani ta zo hutu, ta murza ƙwayoyin a tafin hannu. "Inna, wata alkama gadon ƙin cutar ga take yi, kamar yadda na gaji taurin kanki. Kuma kanta take aura, ɗiyan za su biyo uwa. Tsatsar ma takan sake hali wata rana, amma gwada. Kada dai ki shuka gefen ruwa, Baba zai sami bakin magana."

Na roƙi maigida ya ba ni noman sanyi ɗaya kafin ya tafi, ya yarda da ƙyar. Na shuka ɗan irin nan nawa a tsakiyar hawasha, inda cutar ta fi cin ƙarfi, tsohon irinsa kewaye da shi. Allah Ya yafe mini, ni kaɗai ce a ƙauyen nan nake fatan tsatsa ta dawo.

Ta dawo kuwa. Nasa ya yi ja, nawa yana tsaye a tsakiya kore, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Kwana uku maigida yana zuwa gona sau biyu a yini.

Ranar da mai motar Damazin ya zo kwasar ma'aikata, maigida ya leƙa ta katanga ya ce masa, "Ya zol, bawan Allah, ba wa wani wurin nawa. Ina da irin da zan tsare." Ina tsakar gida da tsintsiya a hannu. Na rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu.