Gonar da Aka Yi wa Baƙi Kara da Ita

Ni ban riƙa alƙalami ba sai da furfura ta fito mini, a makarantar manya ta nan Tawa. Kuma tun ranar da hannuna ya faɗa, zancen gonata nake so in rubuta, don har yau in na tuna sai in ji ƙirjina na zafi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Muna zaune a wani ƙauye arewacin Affala, bisa tudu. Mijina ya tafi cin rani Kurmi, damina ta zo ta wuce bai komo ba, ya bar ni da yara ƙanana da gamanata, wato 'yar gonar da ake yanka wa mace ta noma don kanta. Gonar a gangare take. Uwar mijina ce ta fara jera duwatsu a cikinta, layi bayan layi, ni kuma na ɗora. In ruwa ya sauko daga tudu, duwatsun ke tare shi ya kwanta, ƙasa ba ta bin shi. Da hatsin wannan gona nake ciyar da yarana.

Rannan sai ga mota daga Tawa. Wani Bature ne da matarsa, na wata ƙungiyar taimako, da tafinta, wani ɗan lakwal, wato ɗan boko, mai farar riga. Sun kawo garmar shanu kyauta, suna son gona guda da za su nuna wa mutane aikinta. Sharaɗi ɗaya ne: a kwashe duwatsu, don garma ba ta ratsa dutse.

A wajenmu ba a ce wa baƙo a'a, balle wanda ya zo da kyauta. Maza suka taru gindin gawo, kowa na "madalla, mun gode", kowa kuma ya san abin da zai faru da gonar da aka kwashe wa duwatsu. Babu wanda ya buɗe baki ya faɗa. Suka duba wace ce ba ta da namiji a gari, suka yi wa baƙi kara da gonata.

Ina daka wan mijina ya shigo.

"Matar ƙanena, kin yi goshi. Gonarki anka zaɓa."

"Anka zaɓa a yi mi da ita, Yaya?"

Da ya gaya mini, na jingine taɓarya, na nufi gindin gawo ko mayafi ban ɗauka ba.

"Baba maigari, gonarka ta fi tawa faɗi. Don mi ba a ba su taka ba?"

"Ɗiyata, yi ƙasa da murya, baƙi na ji."

"Su ji mana! Ai don su ji na zo."

Na juya ga tafinta na ce ya gaya musu ruwa zai tafi da ƙasata. Ya yi musu Faransanci gajere, matar Baturen ta yi murmushi, ta kama hannuna tana girgizawa. Sai daga baya na ji cewa ya ce musu godiya na zo yi. Shi ma kunyar baƙi yake ji, da gonar wata.

Samarin gari suka yi gayya, da kiɗa, suka kwashe duwatsun, aikin mata biyu, suka tara a gefe. Shanu suka shiga, garma ta juye ƙasa har ta yi laushi kamar gari. Gaskiya ta yi kyau a ido. Aka ɗauki hoto, aka tsayar da ni kusa da shanun. Motar ta koma Tawa.

Ruwan shuka ya zo a hankali, na shuka, hatsi ya tsiro. Sai babban ruwa ya sauka wata la'asar. Ina tsaye cikinsa ina kallon ƙasata ja wur tana gangarawa kwari da tsiron duka. Da gari ya waye, fako ne zalla, kwazazzabo ya tsaga gonar biyu.

Kada wani ya ce mini niyyarsu kyakkyawa ce. Na sani. Matar nan ba muguwa ba ce. Amma wanda ya taso daga bayan teku don ya taimake ni, me ya hana shi ya tambaye ni? Me ya hana shi ya komo bayan damina ya ga abin da hotonsa ya zama? Su kuwa mazan garinmu, fushina da su ya fi. Sun sani sarai. Suka sayi farin jini wajen baƙo da abincin yarana, sannan suka bi ni gida ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Haƙuri, ikon Allah ne." Na ce wa wan mijina, "Allah na aiko ruwa, Yaya, amma ba shi ya kwashe duwatsu ba."

Na gwada mayar da su. Ni kaɗai, da goyo, ina ɗauka a ka. Amma dutse ƙasa yake tarewa, ƙasar kuwa ta riga ta tafi. Da kaka abin da na samu bai rufe gindin rumbu ba. Maigari ya aiko mini da damin hatsi, na karɓa don yara, ban yi godiya ba.

Kafin sanyi ya ƙare na ɗaure kayana, na kora yarana gaba, muka sauko Tawa, na shiga yi wa matan ma'aikata daka da wanki. Ban sake noma ba.